Kufan Entella: Abin da Musulmi Zai Karanta a Kan Dutsen Sisili

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda mulkinSa ba ya gushewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a yammacin tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, wanda littattafanmu na Larabci suke kira Siƙilliyya, akwai wani dutse mai suna Entella. Bisansa ya ɗara doron teku da mita 557. Ta fuska uku a tsaye yake cak, kamar an sare shi da gatari. Ta arewa ce kawai ake iya hawansa da sauƙi, kuma ta nan ne mazaunansa suka ja ganuwa. A samansa akwai fili mai faɗi wanda ya taɓa ɗaukar gari sukutum. Yau babu mai kwana a cikinsa, sai ciyawa da iska. A shekarar 1246 aka sauko da Musulmin ƙarshe na tsibirin daga kansa, da kuma daga kan takwaransa dutsen Jato da ke kusa da birnin Falermo, aka tsallaka da su teku. Da saukowarsu aka rufe fiye da shekara 400 na zaman Musulunci a Sisili.

Ra'ayinmu shi ne, duk Musulmin da Allah Ya kai shi wannan yanki, ɗalibi ne ko ɗan kasuwa ko mazauni, ya kamata ya ware yini guda ya hau wannan dutse. Amma hawa ba shi ne abin dubawa ba, domin awaki ma suna hawa. Abin dubawa shi ne da wane ilimi mutum ya hau, kuma me ya sauko da shi. Mu a ganinmu, wanda ya tsaya a kan Entella ya ɗora laifin faɗuwarta a kan sarkin da ya kewaye ta kaɗai, bai karanta kufan ba. Garin bai faɗi a 1246 ba. Ya fara faɗuwa tun wajen shekara 200 kafin nan, a ƙasa cikin birane, lokacin da babu ko sojan abokan gaba ɗaya a tsibirin.

Wanda ya je da tsammanin ganin hasumiyoyi da zane-zane irin na fadar Alhamra ta Andalus zai sha mamaki. Abin da ya rage yawanci tushen bango ne da tarin duwatsu. Tun 1983 masana daga wata babbar makaranta ta birnin Pisa suke haƙa a wurin. Sun tono wani gini mai kaurin bango, rabinsa fada rabinsa sansani, da ɗakin wanka na ruwan zafi a cikinsa irin wanda Larabawa suke kira hammam. A can ƙololuwa, wadda mutanen yankin suke kira Tsinin Sarauniya, akwai ragowar wani sansanin. A wajen gari kuma suka tarar da kaburbura, kowace gawa kwance a gefenta na dama, fuska tana kallon alƙibla, babu tukunya ko kayan ado tare da ita kamar yadda ake samu a kaburburan al'ummun da suka riga su zama a wurin. Ko babu rubutu a kan kabari, duk wanda ya taɓa halartar jana'iza a garinsu ya san su wane ne suke kwance a nan.

Mun san akwai mai cewa, ina ruwan Musulmi da yawon kufai? Ashe ba a hana shiga gidajen waɗanda suka halaka ba? Wannan tambaya tana da tushe, bai kamata a yi mata dariya ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa a kan hanyar yaƙin Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya bi ta Hijir, garin Samudawa, ya hana sahabbai shiga gidajensu sai dai suna masu kuka, ya lulluɓe kansa ya gaggauta tafiya, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Sai dai dalilin hanin a fili yake: wuri ne da azabar Allah ta sauka a kan mutanen da suka ƙaryata Annabinsu. Ko a can ɗin ma ba a rufe ƙofa ƙurungum ba, an dai gindaya sharaɗin shiga da zuciya mai tsoro. Entella kuwa ba garin Samudawa ba ce. Garin masu salla ne da aka ci da yaƙi, maƙabartarta kuma maƙabartar Musulmi ce, wadda hukuncinta shi ne hukuncin ziyarar kaburbura da aka yi izini da ita bayan an taɓa hanawa, saboda tana tuna lahira.

Hadisin da ya taƙaita ɗaura sirdi zuwa masallatai uku shi ma ba ya nan. Maganarsa a kan tafiya ce don neman falalar ibada a wani wuri keɓantacce. Babu malamin da ya fahimci cewa ya haramta tafiyar fatauci ko neman ilimi ko neman izina. Alƙur'ani mai girma kuwa ya yi ta nanata umarnin tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen waɗanda suka gabata, a Ali Imrana da An'ami da Rumu da wasu surorin. A Suratul Hajji har an ambaci rijiyoyin da aka daina ɗiba da manyan benaye da suka zama kango, sannan aka zargi waɗanda ba sa tafiya su yi hankali da abin da suka gani. Abin da za a kiyaye kawai shi ne kada a mayar da wurin wajen neman tabarruki, kada a roƙi matattu, kada a ɗebo ƙasa a ƙulle. Addu'a ake yi musu, ba su ake roƙo ba.

Wani kuma zai ce, to, mun ji ya halatta, amma me ya haɗa Bahaushe da wani dutse a tsakiyar Bahar Rum? Abin da ya haɗa mu yana nan a cikin zaurukan karatunmu. Duk ɗalibin da ya kai ga Muhtasar na Shaihu Halil ya san cewa tun a gabatarwa marubucin ya ware malamai huɗu da zai riƙa nuni zuwa ga ra'ayinsu da kalmomi na musamman: Lahami da Ibnu Yunus da Ibnu Rushdi da Maziri. To, biyu daga cikin huɗun nan 'yan Sisili ne. Ibnu Yunus, wanda ake yi wa laƙabi da Assiƙilli, shi ne mai littafin Aljami'u a kan mas'alolin Mudawwana, wanda saboda ingancinsa malamai suka riƙa kiransa Mus'hafin mazhaba. Ya rasu a shekara ta 451 bayan Hijira, wato 1059. Imamu Maziri kuwa sunansa ma daga garin Mazara na gaɓar tsibirin ya samo asali. Ya rayu a Mahadiyya ta Tunisiya, ya rasu a 1141. Shi ne mai Almu'ulim, sharhin Sahihu Muslim, wanda Alƙali Iyal mai Asshifa ya zo ya cika. Ke nan shekaru aru-aru malamanmu suna yanke hukuncin aure da gado da ciniki da tarjihin mutanen wannan tsibiri, alhali da yawa daga cikin ɗalibai ba su taɓa tambayar ina ne Siƙilliyya ba, balle me ya faru da ita.

Shigar Musulunci tsibirin ma a hannun wani malamin mazhabarmu ta faru. Asadu bin Furat, alƙalin Ƙairawan, ya yi karatu a gaban Imamu Malik a Madina, ya je Iraƙi ya ɗauka daga almajiran Abu Hanifa, ya zauna da Ibnul Ƙasim a Masar. Littafinsa Al'asadiyya shi ne tushen da Sahnunu ya gyara ya zama Mudawwana. Yana dattijo mai kusan shekara 70 sarkin Aglabawa Ziyadatullahi ya ɗora shi a kan runduna, suka tashi daga Susa suka sauka a Mazara a shekarar 827. Shekara guda bayan haka ya rasu a bakin ganuwar Sirakusa. Aiki bai zo da sauƙi ba: Falermo ta faɗo a 831, Sirakusa sai 878, Taormina 902, sansanin Rumawa na ƙarshe kuwa, Rometta, sai 965.

Akwai abin lura a nan wanda masu ba da labarin don alfahari sukan tsallake. Rundunar Asadu ba haka kawai ta taso ba. Wani kwamandan jiragen ruwan Rumawa ne mai suna Yufimiyus, wanda Larabawa suke kira Fimi, ya yi wa sarkinsa tawaye, aka fi ƙarfinsa, ya tsallaka Ifriƙiyya neman taimako. Da ɗan gari aka ci gari. A riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da irinsa.

A ƙarni na 10 Falermo ta zama ɗaya daga cikin manyan biranen Musulmi. Matafiyin nan Ibnu Hauƙal ya ziyarce ta a 973, ya ce ya ƙirga masallatai sama da 300 a birnin da kewayensa. Wannan adadi ne ake yawan ambata a wa'azi don nuna ɗaukakar Musulunci a Turai, amma ba a cika ci gaba da karanta abin da mutumin ya faɗa bayansa ba. Ya ce ya tsaya a wuri guda ya hangi masallatai kusan goma a tazarar da ba ta wuce harbin kibiya ba, wasu suna kallon juna, hanya ce kawai ta raba su. Da ya tambayi dalili aka ce masa girman kai ne: kowa yana son masallacinsa na kansa wanda ba zai yi tarayya da kowa a cikinsa ba sai iyalinsa da barorinsa, har a samu 'yan'uwa biyu gidajensu bango ɗaya, kowanne da nasa. Ya kuma ce malaman makarantun yara sun yi yawa ƙwarai a birnin, ba don son karantarwa ba, sai don an ɗauke wa mai wannan sana'a fita yaƙi. Gaskiya ne Ibnu Hauƙal ba ya ƙaunar mutanen Sisili, har ya ce yawan cin ɗanyar albasa ne ya lalata musu tunani, saboda haka ba duk maganarsa ake haɗiyewa ba. Amma abin da ya biyo baya ya gaskata shi a kan masallatan. Mai karatu kuma ya san unguwarsu, ya san masallatai nawa ne a layinsu da abin da ya sa aka gina na biyu da na uku. Ba sai mun ce komai ba.

Zuwa tsakiyar ƙarni na 11 gidan sarautar Kalbawa ya rushe, tsibirin ya rabu a hannun shugabannin soja, kowanne da yankinsa. Biyu daga cikinsu surukai ne: Ibnu Sumna mai Sirakusa yana auren 'yar'uwar Ibnul Hawwas mai Ƙasru Yanni. Ibnul Asir ya ruwaito cewa wata rana Ibnu Sumna ya bugu, suka yi cacar baki da matar, ya sa aka tsage mata jijiyoyin hannu don ta mutu. Allah Ya yi da sauran kwananta, ta warke, ta koma wajen ɗan'uwanta ta ƙi dawowa. Rikicin gida ya zama yaƙi, aka kori Ibnu Sumna a fagen fama, sai ya tsallaka ya je wa Normaniyawa, wasu mayaƙan Kirista 'yan asalin arewacin Faransa da suka kafa kansu a kudancin Italiya, ya yi musu tayin tsibirin. A 1061 suka ci Mesina, shekara biyu kacal bayan rasuwar Ibnu Yunus. A 1072 suka ci Falermo, a 1091 garin Noto ya miƙa wuya, shi ke nan. Ƙofar da Musulmi suka shigo ta cikinta, ta cikinta aka shigo musu.

Abin da ya fi ba mu tsoro a tarihin nan ba yaƙin ba ne, zaman lafiyar da ya biyo bayansa ne. Normaniyawa ba su kori Musulmi ba. Sun bar musu alƙalansu da masallatansu, suka ɗora musu haraji wanda ko sunansa ba su sauya ba, jiziya suka ci gaba da kiransa. Fadar sarki tana rubutu da Larabci. A ƙarƙashin Sarki Roja na Biyu ne Idrisi ya kammala shahararren littafinsa na labarin ƙasa a 1154. Wanda ya kalli abin daga nesa sai ya ce ai babu abin da ya lalace.

Ibnu Jubair ya kalle shi daga kusa. Yana dawowa daga Hajji jirginsu ya fashe a bakin Mesina, ya zauna a tsibirin 'yan watanni a farkon 1185. Ya ga Sarki Wiliyam na Biyu yana karatu da rubutu da Larabci, masu dafa masa abinci da barorin fadarsa Musulmi ne, da yawansu suna ɓoye imaninsu. Ya ga kasuwanni da masallatai a Falermo, amma babu sallar Juma'a domin an hana huɗuba. Ya ji labarin wani malamin fiƙihu da aka matsa wa har ya bar addini, ya mayar da masallacinsa coci. Ya ce uba ba ya iya tsawata wa ɗansa, miji ba ya iya yi wa matarsa faɗa, domin wanda ya fusata zai iya rugawa coci a yi masa wankan shiga Kiristanci, daga nan ba mai iko da shi. A garin Tarafani kuma wani mutumin kirki ya kawo 'yarsa budurwa ya roƙi ɗaya daga cikin alhazan ya aure ta ko ya aurar da ita a ƙasar Musulmi, don kawai ta tsira da addininta, ita ma ta yarda ta rabu da iyayenta har abada. Wannan shekara 61 ke nan kafin faɗuwar Entella.

A tsakanin nan masu ilimi da masu hali sun yi ta ficewa. Mawaƙi Ibnu Hamdis ya tafi Andalus, malamin lugga Ibnul Ƙaɗɗa'i ya tafi Masar, Ibnu Makki ya koma Tunis. Ba mu isa mu tuhume su ba, domin hijira don tsare addini abu ne da shari'a ta sani, kuma da ba su fita ba da wataƙila littattafansu ba su iso mu ba. Amma a dubi ɗaya gefen: waɗanda suka rage su ne manoma da talakawa marasa kuɗin jirgi, kuma su ne suka fi bukatar malami. An taɓa tambayar Imamu Maziri game da hukuncin alƙalan Sisili da sarkin Kirista ya naɗa, da shaidar mutanen da suka zauna a can. Bai jefar da su ba. Ya ce a kyautata musu zato, domin mai yiwuwa larura ce ta zaunar da su ko wani uzuri karɓaɓɓe, kuma naɗin da wanda ba Musulmi ba ya yi ba ya ɓata hukuncin alƙali adali, tunda jama'a ba za su zauna babu mai raba musu gardama ba. Mu ma wannan tambaya ta taɓa iske mu har gida. A 1903, da Turawa suka ci Sakkwato, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira har ya yi shahada a Burmi, Waziri Buhari kuma ya zauna tare da jama'a, ya rubuta risala yana bayyana hujjarsa. Wanda ya san nauyin wancan zaɓi ba zai yi gaggawar yanke wa mutanen Sisili hukunci ba.

To, yaya aka yi aka ƙare a kan duwatsu? Tun a 1161 an yi wa Musulmi kisan gilla a gabashin tsibirin, waɗanda suka tsira suka kwararo yamma. Daga 1174 Sarki Wiliyam ya kafa babban gidan ruhubanawa na Monreyale, ya mallaka masa ƙasa mai faɗin gaske a yammacin tsibirin tare da manoman da ke kanta, akasarinsu Musulmi, waɗanda ba su da ikon tashi daga gonakin. Takardar iyakokin ƙasar da aka rubuta a 1182 da Larabci da Latin tana nan har yau. Da sarkin ya mutu a 1189 aka sake far wa Musulmin Falermo, sai jama'a suka gudu suka haye tsaunuka. Jato da Entella, waɗanda tsofaffin garuruwa ne tun kafin zamanin Annabi Isa, Alaihis Salam, suka cika da 'yan gudun hijira. Masanan Jami'ar Zurik da suke haƙa a Jato tun 1971 sun tarar da ƙananan gidaje da aka gina da gaggawa a kan dandalin Girkawa na dā, da duwatsun da aka ciro daga tsofaffin gine-gine. Gini ne na mutanen da ba su da lokaci.

A nan ne Muhammadu bin Abbad ya bayyana. Ya haɗa kan mutanen tsaunuka, ya kira kansa Amirul Muslimina na Siƙilliyya, har ya buga kuɗinsa da kalmar shahada da sunansa a jiki, kuma an tsinci irin waɗannan sulalla a kufan. Sarki Firedirik na Biyu ya kewaye Jato a 1222, Ibnu Abbad ya faɗa hannunsa, aka kashe shi. Himyari, mai littafin Arraudul Mi'iɗar, ya kawo labarin 'yarsa, wadda tarihi bai adana sunanta ba. A ruwayarsa, ta ƙi saukowa daga Entella, ta aika wa sarkin cewa tana son miƙa wuya amma mutanenta sun hana ta, ya turo barade 300 da dare ta buɗe musu ƙofa. Da suka shiga aka rufe, babu wanda ya fita. Labari ne mai sa tsikar jiki tashi, kuma shi ne abin da matasa suka fi so su ji. Sai dai jarumtar ba ta sauya komai ba. Dutse yana tsare mutum daga kibiya, amma ba a noma alkamar da za ta ciyar da dubban mutane a kansa, kuma babu wani sarkin Musulmi da ya turo rundunar da za ta cece su, alhali gaɓar Tunisiya ba ta wuce kimanin kilomita 150 daga tsibirin ba.

Tun daga wajen 1223 Firedirik ya fara kwashe Musulmi zuwa Luchera, wani gari a kudancin Italiya nesa da kowace ƙasar Musulmi. A 1243 waɗanda suka rage suka sake tayarwa, aka kewaye su shekara uku, yunwa ta sauko da su. Wannan Firedirik kuwa shi ne wanda ake yabo da jin Larabci da son malaman Musulmi, shi ne abokin Sarkin Masar Alkamil wanda suka ƙulla yarjejeniyar Ƙudus da shi a 1229. Ya bar mutanen Luchera su yi sallarsu, ya ɗebi maharbansu ya sa a rundunarsa. Yana da kyau mu riƙa tuna cewa mai mulki yana iya sha'awar harshenka da iliminka da girkinka, ya kuma tumɓuke ka daga ƙasarka ranar da lissafin mulkinsa ya bukaci haka. Luchera ma ba ta daɗe ba. A watan Agustan 1300 Sarki Sharl na Biyu ya sa aka rushe zaman Musulmi a garin, aka sayar da dubbansu a matsayin bayi.

Saboda haka muke ganin hawa biyu ne ba su da amfani. Na farko hawan mai ɗaukar hoto, wanda zai juya wa kaburbura baya ya yi murmushi ya ɗora a Facebook. Na biyu, wanda ya fi yaɗuwa a tsakanin masu kishin addini, shi ne hawan mai ƙullaci, wanda zai sauko yana cewa ƙasarmu ce aka ƙwace. Kufan da kansa yana ƙaryata wannan magana. A ƙarƙashin gidajen Musulmi akwai na Rumawa, a ƙarƙashinsu na Girkawa, a ƙarƙashinsu na wasu mutanen da ko harshensu ba a gama fahimta ba. Babban cocin Falermo da ake nuna wa baƙi wani ginshiƙi a ƙofarsa mai ɗauke da ayar Alƙur'ani, wurin coci ne tun farko, Musulmi suka mayar da shi masallacin Juma'a, Normaniyawa suka sake mayar da shi coci. Mutanen Sirakusa ma sun ɗanɗana kuɗarsu a 878, sun ga kisa da bauta. Adalci ya wajaba a kanmu ko a cikin labarin da mu ne aka zalunta a ƙarshensa. Manoman da suke zaune a gindin Entella a yau ba su ne suka kewaye ta ba, kuma tsibirinsu ne yake tsamo 'ya'yanmu daga teku idan kwale-kwalen Libiya ya kife da su.

Wannan ya kawo mu ga waɗanda muka fi nufi da wannan rubutu. Musulmi sun dawo Sisili, ba da takobi ba, da neman abinci. Masunta 'yan Tunisiya sun cika Mazara, garin da Asadu ya sauka. A kasuwar Ballaro ta Falermo ana jin harsunan Afirka ta Yamma. Waɗannan 'yan'uwa suna zaune ne a matsayin tsiraru, suna renon 'ya'ya a cikin harshen da ba nasu ba, kuma mas'alolin da Ibnu Jubair ya gani da idonsa, na uba da ɗa, na aure, na wanda zai karantar da yara, su ne mas'alolinsu na yau da kullum ko da yake babu mai tilasta musu barin addini. Su ne suka fi kowa bukatar hawa dutsen nan tare da 'ya'yansu. Kuma idan ƙungiyoyinsu za su iya haɗa kai a kan abu guda, muna ba su shawarar su nemi hukumomin adana kayan tarihi, cikin ladabi da bin doka, a kan makomar ƙasusuwan Musulmin da aka tono. Ba mu ƙi binciken ba, domin ta hanyarsa muka san abin da muka sani. Amma alfarmar mamaci a shari'armu kamar ta mai rai ce, kuma idan an gama nazari, haƙƙinsa ne a mayar da shi ƙasa yadda aka same shi.

Wanda ya yi niyyar zuwa, ta garin Kontessa Entellina ake bi, kuma a can akwai ƙaramin gidan tarihi da aka ajiye abubuwan da aka haƙo, gara a fara da shi kafin a hau. A riƙe ruwan sha, a yi alwala tun daga ƙasa, domin saman fili ne fetal babu inuwa, ga zafin bazarar Sisili ba wasa ba. Idan lokacin salla ya riski mutum a can, ya nisanci wajen kaburbura ya yi sallarsa. Alƙibla tana kudu maso gabas, inda aka fuskantar da waɗanda suke kwance a wurin. Allah Ya jiƙansu, Ya gafarta musu, Ya karɓi shahadar waɗanda suka yi shahada a cikinsu.